Keken Rubutu da Jikokinsa

Duk wanda ya taɓa shiga ofis, ko ya tsaya wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ya san keken rubutu, wanda akawuna ke kira tafireta. A zamanin nan keken ya kusa ɓacewa, kwamfuta ta gaje shi, amma ba ta yar da kayansa duka ba. Jerin madannan nan da akawu ke bugawa da yatsu yana nan a gaban kowace kwamfuta, kusan yadda aka jera shi shekara 150 da suka wuce. Shi a ke kira allon madannai, samari kuwa su ce kibod. A ido kamar bai sake ba, amma a ciki ya sake sarai, gama a da ƙarfe ne ke kai harafi ga takarda, yanzu kuwa wata 'yar ƙwaƙwalwa ce, wadda ba ta kai girman farcen babban yatsa ba, ke sauraron yatsun mutum tana kai labari. Mai bin tarihin allon nan zai ga abu guda ne ya yi ta sake hannu, watau ikon faɗin abin da zai fito in an danna madanni. Da fari ikon na maƙera ne, ya koma ga manyan kamfanoni, daga baya ya faɗo hannun mai allo da kansa.

Zamanin Maƙera

Tun cikin 1714 wani Baturen Ingila, sunansa Henry Mill, ya karɓi takardar izini daga Sarauniya a kan wata na'ura ta buga haruffa ɗaya bayan ɗaya, amma ba ta shiga kasuwa ba. Mutane da yawa suka yi ta gwadawa bayansa. Wanda Allah ya nufa abin ya tsaya a hannunsa shi ne Christopher Sholes, wani mai buga jarida a birnin Milwaukee na Amurka. Shi da abokansa biyu, Carlos Glidden da Samuel Soule, suka sami takardar izininsu cikin 1868. Da ya ke ba su da maƙera ta kansu, cikin 1873 aka kai keken wurin kamfanin Remington, wanda sana'arsa ƙirar bindigogi ce da keken ɗinki. Aka fara sayarwa cikin 1874 a kan dala 125. Keken farko ya ɗauko kamannin ɗan'uwansa na ɗinki, har da abin takawa da ƙafa don mai da takarda farkon layi, kuma manyan haruffa kaɗai ya ke bugawa.

Aikinsa ba wuya a gane. Kowane madanni yana haɗe da sanda, a kan sandan an zuba harafi. In an danna, sai sanda ya tashi ya bugi zare mai tawada, harafi ya fito a takarda. Abin da maƙeri ya zuba a kan sanda shi ne zai fito har ranar da keken ya mutu. Cikin 1878 Remington ya fid da keke na biyu, wanda kowane sanda nasa ke ɗauke da harafi biyu, babba da ƙarami, aka sa wani madanni na musamman wanda in an danne shi sai takarda ta gusa, babban harafi ya fito. Wannan dabara, watau madanni ɗaya ya yi aiki biyu, ita ce tushen abubuwa da yawa da za su zo a gaba.

Jerin haruffan da Sholes ya bari ya fara da Q, W, E, R, T, Y. Cikin 1888 aka yi gasar bugu a birnin Cincinnati, wani akawun kotu, Frank McGurrin, ya ci, yana bugu da yatsunsa duka ba ya duban allo. Makarantun koyon tafireta suka ɗauki wannan jeri, akawuna dubbai suka haddace shi da yatsunsu. Daga nan ya zama kamar hanyar rafi, ko an share wata sabuwa tsohuwar a ke bi. Cikin 1936 wani malamin jami'a, August Dvorak, ya fito da sabon jeri wanda ya tattara haruffan da aka fi bukata a layin tsakiya, amma kaɗan ne suka bi shi, domin sake jeri a lokacin nan sai an sake keke ɗungum, an kuma sake koya wa akawu.

Waya Ta Mai da Haruffa Lambobi

A shekarar nan ta 1874 da aka fara sayar da keken Sholes, wani ma'aikacin gidan waya a Faransa, Emile Baudot, ya fito da wata dabara dabam. Na'urarsa madanni biyar gare ta, biyu a hagu uku a dama. Kowane madanni ko dai a danne ya ke ko a sake, saboda haka biyar ɗin nan suna iya ba da alama iri 32. Aka ba kowane harafi alamarsa, aka riƙa aikawa ta waya. Da ya ke alama 32 ba ta isa haruffa da lambobi duka ba, sai aka ware alama guda mai cewa, "Daga nan lambobi ne," da wata mai cewa, "A koma haruffa." Cikin 1901 Donald Murray, mutumin Niyu Zilan, ya haɗa wannan dabara da allo irin na tafireta, har ya zamana wanda ya iya bugu ya iya aika saƙo.

Abin lura a nan shi ne, harafi ya rabu da ƙarfe. Mai bugu a wannan gari ba ya aika harafi, lamba ya ke aikawa, na'urar wancan gari ce ke fassara lambar. In aka sake fassarar, sai madannin nan ɗaya ya fid da wani harafi dabam. Sa'ad da kwamfuta ta bayyana, ta iske wannan shiri a tsaye, ta ɗauka. Cikin 1963 aka tsayar a Amurka da wani jerin lambobi 128, mai suna ASCII, don na'urori su riƙa jin maganar juna. An yi shi don Turancin Ingilishi, saboda haka haruffansa 26 ne, manya da ƙanana. Sauran harsunan duniya kuwa suka jima suna fama da wannan ƙunci.

Ƙwaƙwalwa Ta Shiga Allo

Cikin 1971 kamfanin Intel ya fid da ƙwaƙwalwar lissafi a kan ɗan ɓallin siliki guda. Ba da daɗewa ba masu ƙira suka ga ya kamata a haɗa abu uku wuri ɗaya, watau sashen lissafi, da ma'ajiyar umarni, da ƙafafun ƙarfe waɗanda za a ɗaura wa wayoyi. Abin da ya fito shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sarrafa na'ura, irin wadda ke cikin injin wanki da mota da mitar lantarki. Kamfanin Texas Instruments ya fara sayar da tasa cikin 1974, Intel kuma ya fid da wata mai lamba 8048 cikin 1976. Ma'ajiyar umarninta gurbi 1,024 ne kawai, wurin da ta ke yin lissafin wucin gadi kuwa gurbi 64, kowane gurbi kamar na harafi guda. Ko shafi ɗaya na littafi ba zai shiga cikinta duka ba.

Duk da ƙanƙantarta, ita IBM ya sa a cikin allon kwamfutarsa mai madanni 83, wadda ya fid da ita cikin watan Agusta 1981. In an danna A, sai ƙwaƙwalwar ta aika wa kwamfuta lamba 30. In an saki, ta aika 158, watau 30 da ƙarin 128. Ta haka kwamfuta ke sanin lokacin da yatsa ya sauka da lokacin da ya tashi.

Ƙwaƙwalwa irin wannan ba ta san kome ba sai abin da aka rubuta mata. Umarnin da ke cikinta ba ƙarfe ba ne da za a taɓa, ba kuwa irin manhajar da a ke sa wa kwamfuta yau a cire gobe ba ce. Yana tsakani, yana zaune a cikin na'ura ko an ɗauke wuta. Wani masani, Ascher Opler, shi ya raɗa wa irin wannan umarni suna da Turanci cikin 1967. Da Hausa sai a ce dasasshen umarni. A zamanin 8048 tun a masana'anta a ke dasa shi, kamar yadda a ke zuba harafi a kan sanda, ba mai iya kankarewa. Watau iko ya bar hannun maƙeri ya koma hannun kamfani, mai saye kuwa har yanzu sai abin da aka ba shi.

Aikin da Ƙwaƙwalwa ke Yi

Ya kamata a tsaya nan a duba aikin da wannan umarni ke yi, gama tun daga 1981 har yau tushensa bai sake ba.

Cikakken allo irin na Amurka madanni 104 gare shi. Da za a ja wa kowane madanni wayarsa, da sai an sami ƙwaƙwalwa mai ƙafa fiye da ɗari. Sai aka yi dabarar masaƙa. A ja wayoyi a tsaye, a ja wasu a gicciye, a sa madanni a kowace mahaɗa. Waya 8 a gicciye da 13 a tsaye suna ba da mahaɗa 104, ga shi kuwa waya 21 kaɗai aka ɓatar. Ƙwaƙwalwa sai ta riƙa kewayawa kamar mai gadin kasuwa. Ta sa alamar lantarki a layi na farko, ta duba wayoyin tsaye ko akwai wadda alamar ta ɓullo. In ta ɓullo a ta uku, to, madannin da ke layi na farko, mahaɗa ta uku, shi ke danne. Ta wuce layi na biyu, da na uku, har ƙarshe, ta komo farko. Tana yin wannan kewaye sau ɗaruruwa cikin sakan guda, ba dare ba rana, muddin akwai wuta.

Akwai tarko biyu a kan wannan hanya. Na farko, ƙarfe biyu da ke cikin madanni ba su haɗuwa lokaci guda su tsaya. Sukan yi ɗan tsalle, su haɗu su rabu su sake haɗuwa, kamar ƙwallon da aka yar a daɓe. Mutum ba ya jin wannan, amma ƙwaƙwalwa don saurinta tana gani, sai ta ɗauka an danna sau uku ko huɗu, mai son rubuta "kai" ya ga "kkkai." Maganinsa haƙuri ne. A kan umarci ƙwaƙwalwa ta dakata kaɗan, yawanci kashi 5 cikin 1,000 na sakan, sai ƙarfe ya natsu kana ta ba da shaida. In dakatawar ta yi kaɗan haruffa su ninku, in ta yi yawa mai saurin bugu ya ga allo yana nawa.

Tarko na biyu shi ne madannin fatalwa. In mutum ya danne madanni uku waɗanda ke kusurwa uku na murabba'i a cikin saƙar nan, lantarki yakan zaga ta baya, ya bi ta cikinsu ya ɓullo a kusurwa ta huɗu. Sai ƙwaƙwalwa ta rantse an danna na huɗu, alhali ba wanda ya taɓa shi. Kamfanoni masu neman araha sukan umarci ƙwaƙwalwa ta yi watsi da madanni na uku in ta ga irin wannan hali, shi ya sa a wasu alluna harafi kan ɓace in an danna da yawa tare. Masu neman inganci kuwa sukan liƙa wa kowane madanni wani ɗan abu mai suna diyod, wanda ke barin lantarki ya wuce gaba amma ba ya barinsa ya komo.

Bayan ta tabbatar da wanda aka danna, sai ta duba jadawalin da aka rubuta mata, ta ga lambar da ta dace da wannan mahaɗa, ta aika. Tun da aka fito da mahaɗin USB cikin 1996 aka daidaita lambobin a duniya duka. A ita ce 4, B ita ce 5, haka har Z wadda ke 29. Saƙon da aka saba aikawa gurbi 8 ne. Na farko yana faɗin ko an danne madannan taimako, irin na fid da babban harafi, na biyu an bar shi wofi, shida na ƙarshe kuwa na madannan da ke danne a lokacin. Har ila yau lambar ba harafi ba ce, sunan wuri ne. Madannin da ke fid da Q a Kano, in aka kai allon nan Yamai ko Damagaram aka haɗa da kwamfutar da aka shirya bisa jerin Faransanci, A zai fitar, ko da ya ke lamba ɗaya ya aika.

Iko Ya Komo Hannun Mai Allo

Abin da ya kwance wannan ƙulli shi ne ma'ajiya wadda a ke iya wankewa kamar allon makaranta. Tun cikin 1971 akwai wata iri mai 'yar taga ta gilashi, wadda a ke wanke ta da wani haske na musamman, amma tana da tsada da wahala. Cikin 1984 Fujio Masuoka, injiniyan kamfanin Toshiba a Japan, ya bayyana wata sabuwar ma'ajiya wadda lantarki kaɗai ke wanke ta. Wajen 1996 kamfanin Atmel ya ɗauki ƙirar wasu samari biyu da suka yi karatu a Trondheim ta ƙasar Norwe, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, ya yi ƙananan ƙwaƙwale masu irin wannan ma'ajiya. Cikin 2005 wasu malamai a garin Ivrea na Italiya suka ɗora irinsu a kan ɗan faranti mai araha, suka sa masa suna Arduino, don ɗalibai su koyi rubuta dasasshen umarni. Daga cikin zuriyar nan wadda masu haɗa allo suka fi ƙauna ita ce ATmega32U4. Tana da gurbin umarni 32,768, watau ninki 32 na 8048, da ƙafafu 26 na ɗaura waya, tana jin maganar USB da kanta, ana kuma iya wanke ta a sake rubutawa har sau 10,000.

Kayan aiki ya samu, saura masu bukata. Su ma ba su yi wuyar samu ba, gama akwai mutanen da allo ne gonarsu, suna yini a kansa, marubuta da masu tsara manhaja da akawuna, wasunsu har wuyan hannu ya kan yi ciwo. Wani shehun malami na Japan, Eiiti Wada, wanda ya tsara wani ɗan ƙaramin allo mai madanni 60 da aka fara sayarwa cikin 1996, ya kwatanta allo da sirdi. Doki yakan mutu a sake wani, amma mahayi yakan ɗauki sirdinsa da ya saba da jikinsa. Haka kwamfuta kan tsufa a sake ta, allo kuwa ya cancanci ya zauna da mai shi.

Wajen 2010 wani mutumin Japan, wanda aka sani da laƙabin Hasu, ya cire ƙwaƙwalwar irin allon nan na Wada, ya sa tasa, ya rubuta mata umarni, ya kira shi TMK. Bai ɓoye ba, ya shimfiɗa shi a intanet bisa sharaɗin nan da Richard Stallman ya tsara cikin 1989, watau kowa na iya ɗauka ya gyara ya raba, amma in ya raba wajibi ne ya bayyana gyaran da ya yi. Cikin 2015 wani Ba'amurke, Jack Humbert, ya ɗauki TMK ya faɗaɗa shi don wani allonsa mai suna Planck, mai layi 4 da mahaɗa 12 a kowane layi. Ya kira nasa QMK. Mutane daga ƙasashe da yawa suka yi ta kawo gudummawa, wannan ya gyara kuskure, wancan ya ƙara dabara, kamar aikin gayya, har ya zama yana aiki da alluna iri fiye da dubu. Cikin 2020 aka fara wani mai suna ZMK don alluna marasa waya, cikin 2021 kuma kamfanin Raspberry Pi na Ingila ya fid da wani faranti a kan dala 4, mai ƙwaƙwalwar da ta fi ta Atmel ƙarfi nesa.

Mai karatu zai so ya san yadda mahaɗa 48 za su yi aikin 104. Amsar tana wurin Remington da Baudot. Jadawalin da ke cikin ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ne, hawa-hawa ne kamar bene. A hawan ƙasa haruffa ne. In aka danne wani madanni da babban yatsa sai a hau na biyu, madannan nan dai su zama lambobi. A danne wani, su zama alamomin rubutu. Har ana iya umartar madanni guda ya fid da harafi in an taɓa shi an saki, ya yi wani aiki dabam in an riƙe.

Mai son haɗa nasa yakan tanadi madannai da diyod da faranti mai ƙwaƙwalwa, ya liƙa su da dalma. Sa'an nan ya zauna ya rubuta wa ƙwaƙwalwa wace ƙafa ce ke riƙe da wane layi, da abin da kowace mahaɗa za ta aika a kowane hawa. Yawanci da harshen C a ke rubutun, wanda Dennis Ritchie ya tsara wajen 1972. Wata manhaja mai aikin tafinta ta juya rubutun zuwa lambobin da ƙwaƙwalwa ke ji. A cikin ƙwaƙwalwar akwai wani ɗan umarni a keɓe, kamar mai tsaron ƙofa, wanda in an danna wani maɓalli a ƙarƙashin allo sai ya buɗe a ɗura sabon umarni ta wayar USB. Duk abin bai wuce 'yan sakan ba. In an yi kuskure, layi guda ya ƙi aiki ko haruffa su fito a juye, sai a gyara rubutu a sake ɗurawa. Abin da ya gagari Dvorak shekara da shekaru, yanzu yaro na iya yinsa tsakanin azahar da la'asar.

Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan labari ya shafi Bahaushe ta wata fuska ta musamman. A Hausa akwai sautuka waɗanda babu su a Turanci. Masu rubutun boko na farko wasu sukan sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su sa 'yar alama a gabansa, wasu kuwa su ƙyale. Cikin shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, a Nijar kuma aka ƙara da ƴ inda a Nijeriya a ke rubuta 'y. Amma yawancin keken rubutun da ke ofisoshi an ƙera su ne don Ingilishi ko Faransanci. Akawu yakan buga b da d da k, in mai kula ne ya bi da alƙalami yana lanƙwasa su, in ba haka ba ya bar su. Wanda ya yi karatu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tsakanin kafa da ƙafa, da fada da faɗa, da baki da baƙi, lanƙwasar nan ce kaɗai. Wanda aka ce ya ba ta kuɗi ya yi alheri, wanda aka ce ya ɓata kuɗi kuwa sai alƙali.

Cikin 1991 aka fito da wani babban jerin lambobi mai suna Unicode, wanda nufinsa shi ne kowane harafi na kowane harshe ya sami lambarsa. A ciki ƙ ita ce 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ kuwa 599, manyansu ma kowanne da tasa. Saboda haka kwamfuta ta san su, abin da ya rage shi ne yadda yatsa zai kai gare su, tun da ya ke jerin lambobin USB ba shi da gurbi dominsu. Hanya biyu ce. Ta fari, a gaya wa kwamfuta ta riƙa fassara lambobin allo bisa jerin Hausa, irin wanda ke cikin Windows. Ta biyu, a sa aikin cikin allon kansa. QMK yana da wannan dabara. Mai allo ya yi hawa na musamman, ya rubuta cewa in an riƙe madannin hawa aka danna K, to, ƙ a ke so. Sai ƙwaƙwalwa ta buga wa kwamfuta, cikin ƙiftawar ido, jerin madannan da ke nufin "ga lambar harafi nan tafe," ta bi da lambar. Sai dai kowace irin kwamfuta da yadda ta ke karɓar wannan saƙo, wata ma sai an ƙara mata wani shiri, saboda haka dole a gaya wa allo irin wadda zai yi magana da ita. Ko da wace hanya aka bi, uzurin da akawun da ke da shi na rashin haruffa a kekensa ya ƙare.

Amana

Duk abin da mutum ya rubuta ta allo ya ke bi, wasiƙa da lissafin ciniki da kalmar sirri ta banki. Saboda haka wanda ya mallaki cikin allo ya mallaki asirin mai shi. Cikin 1984 Amurkawa suka gano keken rubutu 16 na IBM a ofishin jakadancinsu na Mosko da na Leningrad, waɗanda ma'aikatan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet suka ɓoye wa na'ura a cikin wani sandan ƙarfe. Na'urar tana jin motsin keke, tana aika abin da aka buga ta iska, an kuwa yi shekaru ana haka ba a sani ba. Cikin 2014 wasu masana biyu daga Jamus, Karsten Nohl da Jakob Lell, suka nuna a bainar jama'a cewa ana iya sake dasasshen umarnin 'yar ma'ajiyar USB, ta yi shigar allo, ta riƙa buga wa kwamfuta umarni da kanta, kwamfuta kuwa ta karɓa domin ta ɗauka mai ita ne ke bugu.

Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Ƙofar nan da ta ba mai allo iko ya gyara kayansa, ita ce mugu zai bi in ya sami dama. A nan ne amfanin shimfiɗa umarni a fili ya ke, gama abin da idanu da yawa ke dubawa yana da wuya a ɓoye ha'inci a cikinsa, mai allo kuma yana iya karanta abin da zai ɗura tun bai ɗura ba. Mai hankali ba ya ɗura umarnin da bai san asalinsa ba, ba ya kuwa cusa wa kwamfutarsa abin da ya tsinta a hanya.

Daga 1868 zuwa yau ilmin nan ya fita daga maƙera, ya fita daga ɗakunan kamfanoni, ya zama rubutu a fili wanda ba a sayarwa. Sharaɗinsa guda ne, sai wanda ya iya karatu, ya kuma daure da bin layi ɗaya bayan ɗaya. Sholes da kansa a ɗakin buga jarida ya fara, yana yaro mai jera haruffan dalma da hannu. Wanda ya koyi haɗa baƙi da wasali ya riga ya taka matakin da shi ma ya fara takawa, kuma harshen Hausa yana bukatar masu irin wannan sani daga cikin 'ya'yansa, don haruffansa su zauna daidai a kowace na'ura da za a ƙera nan gaba.